Takardar da Alƙali Ya Tambaya

Akwai wata mata mai ƙaramin ɗakin gwajin ruwa, wato lab, a saman wani shagon ɗinki. Ma'aikatanta na kiranta Anti Sake-Aunawa, don ba ta yarda da sakamako sai an maimaita.

Shekara biyu ta yi tana neman takardar amincewar hukuma. Masu bincike su zo su duba ma'auni, su tsaya a kan ma'aikaci yana aiki, su ce a gyara kaza. Mijinta har tsokanarta yake, wai firij ɗin lab ya fi shi gata, tunda safe da yamma ana duba lafiyarsa.

A tsallaken titi akwai babban lab mai ƙofar gilashi. Mai shi yakan yi mata dariya, wai inji ke gwaji, ba takarda ba.

Bayan ta samu takardar, sai ga wani dattijo mai gidan ruwan roba ya hauro yana haki. An rufe masa masana'anta, ma'aikata goma sha ɗaya na zaune a gida, saboda babban lab ya ce ruwansa na da ƙwayoyin cuta. Maganar tana kotu, yana so ta sake gwada masa ruwan.

"Baba, abin da na gani shi zan rubuta, ko ya yi maka daɗi ko bai yi ba," in ji ta.

Ya amince. Da kanta ta ɗebi ruwan a gaban jami'in hukuma, aka rufe kwalabe, kowa ya sa hannu. Ruwa ya fito tas.

A kotu, alƙali ya tambayi kowane lab wa ya tantance shi. Mai ƙofar gilashi ya fara yabon injinsa na ƙasar waje.

"Ban tambayi inda ya fito ba," in ji alƙali. "Wa ya duba cewa gaskiya yake faɗa?"

Ashe babu wanda ya taɓa tantance babban lab. Anti ta miƙa takardarta, ga sunan wannan gwajin a cikin waɗanda hukuma ta amince ta yi. Kotu ta karɓi sakamakonta.

Ranar da aka cire kwaɗon masana'anta, ma'aikata suka yi ta rungumar juna. Dattijo ya tari kofin farko ya kafa kai, dariya ta ƙwace masa, rabin ruwan ya ƙare a rigarsa.

Darasi: Takardar amincewa shaida ce cewa wasu sun duba aikinka sun gamsu, shi ya sa kotu ke jin maganarka. Ka yi haƙuri a bincike ka, kuma kafin ka kai gwaji ka tambayi wa ya tantance wurin. Ku tura wa 'yan uwa su amfana.