Shukar da Amparo Ta Bari

Akwai wani dattijo mai suna Efraín a birnin Medellín, tsohon direban bas. Da matarsa Amparo ta rasu, a duk kayanta babu abin da ya riƙe kamar tukunyar filodendro, wata shuka mai faffaɗan ganye da ta yi shekara ashirin tana reno a falo.

Kullum da safe sai ya cika tukunyar da ruwa. Da hantsi kuma ya jawo ta bakin taga, rana ta yi ta dukanta.

Wata rana maƙwabciyarsa Rubiela, mai sayar da wainar masara a ƙofar benensu, ta hawo kawo masa abinci. Ta ga ganyen sun fara rawaya.

Ta kira shi da "Don", laƙabin girmamawa na mutanen can, ta ce, "Don Efraín, wannan fa ba kifi ba ce! Ka riƙa tsoma yatsa a ƙasar, in da danshi ka ƙyale ta. Kuma haske take so, ba zafin rana ba."

Ya ce, "Shekara talatin ina tuƙi a duwatsun nan, ko kaza ban taɓa takewa ba. Ke dai ji da kaskonki."

Ta yi murmushi ta sauka. Shi kuwa ya ƙara wa shukar ruwa.

Cikin wata guda ganyen suka zube, saura uku. Ƙasar ta fara wari. Ya zauna gaban tukunyar, ya ji kamar Amparo ce za ta sake mutuwa a hannunsa.

Ya daɗe a zaune. Can ya rungumi tukunyar ya sauka.

"Doña Rubiela, na zo."

"Direba da kansa? Ai na ɗauka ba ka tsayawa a tasharmu."

Ya ajiye tukunyar a gabanta. Da ta dubi idonsa sai ta bar tsokanar, ta sauke kasko daga wuta. Ta zazzage ƙasar. Saiwar duk ta ruɓe, ta yi baƙi. Ta sa wuƙa ta yanko reshe ɗaya mai sauran rai, ta tsoma shi a kwalbar ruwa.

"Ka ajiye inda rana ba ta kai. Ka sauya ruwan sau ɗaya a mako. Ban da taɓawa."

"Shi ke nan aikin?"

"Haƙurin shi ne aikin."

Mako ɗaya, shiru. Mako biyu, shiru. A na uku ya ɗauki kwalbar zai zubar, ya tuna inda gardama ta kai shi, ya mayar da ita.

Ranar wata Lahadi ya hango wani farin abu kamar zare a gindin reshen. Ya sa tabarau ya ƙara dubawa. Saiwa ce, har biyu.

Ya sauko da kwalbar a hannu, ko takalmi babu, ya tsaya gaban masu sayen waina.

"Ku shaida, matar nan ta fi ni sani. Na raina ta, kuma ita ta cece ni."

Rubiela ta ce, "Na yafe. Amma koma ka sa takalmi, kada Amparo ta ce mun bar mata miji ya lalace."

Ya yi dariya, ta farko tun ranar jana'iza.

Darasi: So ba tare da sani ba yana iya kashe abin da ake so, kuma wanda ka raina wataƙila a hannunsa maganinka yake. Ku tura wa 'yan uwa su ma su amfana.