Faifan da Tak Ya Hana

Ya 'yan uwa, yau maganata a kan riƙo ce. Riƙon mutumin da aka ba mabuɗi amana, ya mai da shi sanda. Na gaji da faɗa, amma zan sake.

An yi wani mutum a wani asibiti a kudancin Koriya, ana ce masa Tak. Ba likita ba ne. Shi ke kula da kwamfutocin gidan, shi ke cewa wane ya iya kwafar hoton cikin jikin majinyaci a faifai, wane bai iya ba. Kun san idan za a tura mara lafiya babban asibiti a Seoul, da faifan hotonsa ake tura shi.

A tagar da ake karɓar faifan akwai wata dattijuwa, Iya Pyo. Ranar walimar ma'aikata ta zuba wa Tak abin sha da hannu ɗaya, ba biyu ba kamar yadda ladabin ƙasar yake, a gaban jama'a. Ɗaya hannun yana naɗe da bandeji. Tak ya ga bandejin. Amma zuciyarsa raini ta gani.

Washegari ya cire sunanta daga masu izini. Ita kaɗai.

Tun daga nan duk wanda ya zo tagarta, sai ta hau bene ta roƙi 'yan matan da ta haifi kamarsu su kwafa mata. Gwiwa na ciwo, mutane na tsaki a layi. Ta je ta same shi.

"Shugaba Tak, ka duba mini injin nan, don girman iyayenka."

"Iya, inji ba ya ƙarya. Ko dai yatsun ne suka tsufa?"

Aka yi dariya. Ta sunkuya, ta fita. Shekara ta juyo, bai buɗe ba. Ya ma ƙara kulle wurin ba da izinin a kwamfuta, sai da katin da ke rataye a wuyansa ake shiga. Me ya samu? Daɗin ganinta tana hawa bene, shi ke nan.

Sai bikin kaka ya zo, na girbi da ziyarar kaburbura, gari ya watse, kowa ya tafi ƙauyensu. Wa ake bari a taga ranar biki? Wadda ba ta da kowa. Iya Pyo.

Tak yana hanyar dawowa daga gidan surukansa, motoci sun cushe babban titi, ba gaba ba baya. Waya ta yi ƙara. Ƙaninsa ne.

"Yaya, Baba ya faɗi a wajen kabarin Kaka! Muna asibitinku. Likita ya ce jini ne a ƙwaƙwalwa, Seoul za a kai shi yanzu. Matar nan ta ce faifan ya ƙi!"

Iya Pyo ta karɓi wayar. Ba faɗa a muryarta, gajiya ce kawai.

"Shugaba, sama ba kowa yau. Faɗa mini inda zan taɓa."

In Tak ya faɗa, ya tona kansa. Matarsa ta dube shi.

"Baban Juwon, mahaifinka ne fa! Ka yi magana!"

Da ƙyar ya ce, "Ni na rufe. Ba ya buɗuwa sai da katina."

Katin kuwa yana lilo a ƙirjinsa, a tsakiyar motocin da ba sa motsi.

Aka ɗauki tsoho ba faifai. A can aka sa shi layi, aka sake hoto daga farko. Kafin a shiga da shi tiyata, abin da zai lalace ya lalace.

Ya 'yan uwa, wa ya kulle wa tsohon nan ƙofa? Iko kaɗan aka ba ku, a ofis ko a gida. Ku tambayi kanku wa kuke sa wa hawan bene.

Allah ka raba zukatanmu da riƙo, ka tsare mu daga cin amana.

Tak dai ya rasa aikinsa. Gaisuwar kakannin da suka rasu, wadda ake yi a gidansa duk shekara, don shi ne babba, an mai da ita gidan ƙaninsa. Mahaifinsa na nan da rai, hannun dama ya mutu, baki ya rufe. Kullum Tak ke ba shi ruwa, da hannu biyu, tsohon yana kallon bango.