Inci Ɗaya da Rabi

Akwai wani dattijo da kowa ke kira Baba Mai Famfo. Shekara arba'in ya yi yana haɗa bututun ruwa a gidajen mutane, kuma gaskiya ya iya aikinsa. Matsalarsa ɗaya ce, ba a gaya masa. In ka kawo shawara, kafin ka rufe baki ya tambaye ka shekarunka nawa.

Da matarsa ta rasu, gidan ya yi masa girma. 'Ya'yansa maza sun yi nisa, Auta ce kaɗai ke aure a kusa. Abin da ya rage mai motsi a falon shi ne akwatin gilashi da marigayiya ta bari, da kifaye uku masu ruwan zinariya a ciki. Babbarsu tana da ɗigon baƙi kusa da ido. Marigayiya ce ta raɗa mata suna Mai Tabo, shekara tara tana ba ta abinci da hannunta.

A da, Baba tsaki yake ja, ya ce ina amfanin kifin da ba a ci. Yanzu kuwa kullum da safe sai ya jawo kujerar matarsa gaban gilashin, ya zauna da kofin shayinsa yana ba Mai Tabo labarin ciwon gwiwarsa. Ba shi da wani abokin hira sai ita.

Kifayen suka girma, akwatin ya yi musu kaɗan. Baba ya sayo babba, irin mai tankin tace ruwa a ƙasa. Bututu biyu yake buƙata: ɗaya ya sauko da ruwa cikin tankin, ɗaya kuma inji ya turo ruwan da aka tace ya koma sama.

Ranar haɗawa Auta ta zo da mijinta. Surukin nan mutum ne marar hayaniya, a shagon sayar da kifin ado yake aiki. Baba bai taɓa ɗaukarsa da muhimmanci ba, a bayan idonsa ma "mai wankan kifi" yake ce masa.

Suka tarar Baba ya riga ya yanka bututu biyu, dukansu sirara, kowanne bai kai inci ɗaya ba. Surukin ya durƙusa ya gaishe shi, ya duba aikin, sannan ya ce:

"Baba, a gafarce ni. Na komawa sama ya yi daidai, tunda inji ke tura shi. Amma na saukowa da ma ya kai inci ɗaya da rabi, don shi da nauyinsa kawai yake gangarowa. Ƙofar da aka huda a gilashin ma girmanta ke nan. Kuma da an ƙara na biyu a gefe, ko ɗaya ya toshe..."

Jama'a, Baba ya san maganar nan gaskiya ce. Wane mai famfo ne bai san bututun zubarwa ya fi na kawowa faɗi ba? Ya dai yi gaggawa ne ya yanka abin da ke hannunsa. Amma a ce mai wankan kifi ne zai gyara masa, a gaban 'yarsa?

"Falo ne nan, ba bayan gida ba, da zan kafa ƙaton bututu," in ji shi. "Tun ba a haife ka ba nake wannan aikin."

"Baba, don kifayen Mama ne fa yake faɗa," in ji Auta.

"Ke ma kin zama injiniya? To ku tashi ku ba ni wuri. In na nemi ku, ku zo."

Surukin ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya huci zuciyar Baba. Auta ta fita tana share ido da gefen mayafi.

Baba ya rage bakin ƙofar, ya liƙa siririn bututunsa da gam, ya kunna inji. Ruwa ya zagaya. Ya waiga don ya ce "kun gani?", sai ya tuna babu kowa a falon.

Mako uku ba wanda ya taka gidan. Auta ta kira sau biyu, ya ƙi ɗauka. Bututun saukowa ya fara wani irin ƙara kamar mai shaƙuwa, ruwan sama kuma kullum yana ɗan ƙara hawa. Baba yana gani, sai ya ƙaro sautin rediyo.

Wata rana mai tsananin zafi ya fita tun safe zuwa asibiti saboda gwiwarsa, layi ya riƙe shi har bayan azahar. Yana buɗe ƙofa ƙafarsa ta nutse a jiƙaƙƙen kafet. Ɗan dodon koɗi guda, wanda bai kai ƙwayar wake biyu ba, shi ya shige bututun ya toshe shi. Inji ya kwashe ruwan tankin ƙasa kaf ya ture sama, ruwa ya malale a falo, injin ya yi ta juyawa a bushe har ya ƙone.

Kifayen uku suna sama, bakinsu a buɗe, suna neman iska. Mai Tabo ta fi jigata, don ita ce babba.

Baba ya ɗauko kofi ya riƙa ɗibar ruwan yana zubo shi daga sama don iska ta shiga. In ya tsaya, kifaye su sake tasowa. Ba zai iya barinsu ya je neman inji ba, kuma babu wanda zai aika. Wayarsa tana kan kujerar marigayiya, taku biyu tsakaninsu. Gidan surukinsa kuwa tafiyar minti goma ce.

Ya dubi wayar, ya kau da kai. Ya ce bari zafin rana ya sauka, za su farfaɗo. Awa biyu cur yana tsaye shi kaɗai, ba ka jin komai a gidan sai ƙarar ruwan kofi. Sai da hannunsa ya kasa ɗaguwa, Mai Tabo kuma ta kwanta a gefe ɗaya, sannan ya kira surukinsa.

"Kana ina? Kifayen uwarku..."

"Ga ni nan, Baba."

Ko minti goma bai cika ba ya iso, Auta na biye da shi. Ya jefa ɗan injin iska a ruwan, ƙananan biyu suka fara dawowa hayyacinsu. Mai Tabo ba ta motsa ba. Surukin ya sa hannu ya tallafe ta, ya daɗe yana kaɗa ta a hankali cikin kumfar, sannan ya ɗago ya girgiza kai.

Baba ya zauna a kujerar matarsa. Wallahi ko ranar rasuwarta bai yi kuka a gaban yara ba, amma ranar ya yi.

Surukin ya miƙe. Ya fita ya shigo da bututu biyu masu faɗi da ya taho da su, yankakku daidai tsawon da ake so, har ƙura ta hau su.

"Yaushe ka yanka waɗannan?" in ji Baba.

"Tun ranar da muka zo, Baba. Na ajiye su bayan ƙofarmu, ina jiran ka kira." Ya miƙa masa gam ɗin da hannu biyu. "Kai za ka liƙa, hannunka ya fi nawa."

Baba ya karɓa. Ya dubi bututun, ya dubi Mai Tabo da Auta ta naɗe a cikin tawul, sannan ya yi tambayar da bai taɓa yi wa na ƙasa da shi ba:

"Ɗana, inci nawa ka ce?"

Darasi: Gaskiya ba ta raguwa don ta fito daga bakin wanda ka raina. Baba ya san daidai tun ranar farko, girman kai ne ya hana shi karɓa, har ya rasa abu mafi soyuwa da matarsa ta bar masa. In akwai wanda ka kora alhali shi ke da gaskiya, ka kira shi yau tun abin bai ɓaci ba. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila wani yana zaune shi kaɗai yana kallon wayarsa.