Keken da Malam Badamasi Ya Ƙi Hawa

Akwai wani dattijo a garin Haɗeja da ake kira Malam Badamasi. Masunci ne. Shekara hamsin ya yi yana tuƙa kwalekwale a kogin Haɗeja, yana sare ciyawar kacalla in ta toshe hanya, yana tsamo mutane in ambaliya ta ci gari.

Bayan aikin Hajji, burinsa ɗaya ne a duniya: ya ga kogin Nilu na ƙasar Masar, inda aka saka Annabi Musa a akwati yana jariri, ya shiga jirgi a kansa ko sau ɗaya.

'Yarsa ta fari, Mardiyya, malamar makaranta ce a Dutse. Ita ta ɗauki burin nan ta sa a ranta. Ta samo wani kamfani mai kai tsofaffi yawon buɗe ido, masu tanadar keken tura mutum, da mota mai gajeren mataki, da hutun rana, da likita. Sharaɗinsu shi ne a cike takarda tun daga gida, a faɗi gaskiyar lafiyar kowa.

Ta zo Haɗeja da takardar, ta zauna a tsakar gida. Mahaifiyarta, Inna Barira, ba ta ɓoye komai ba.

"Rubuta hawan jini. Rubuta baya. Ƙugun nan ma rubuta shi, kar ki bar kome. Keke kuwa a ba ni mai laushi."

Da aka zo kan Malam, sai magana ta yi nauyi. Kun dai san kunyar 'yar fari a wajenmu. Tunda aka haifi Mardiyya bai taɓa kiran sunanta ba, ba ya kuma yi mata magana kai tsaye, sai ta bakin uwarta.

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, sun ce ko kana buƙatar keke?"

Ya dubi Inna Barira. "Ki gaya mata lafiyata ƙalau. Keken guragu? Ni da na saɓo mutum biyu a kafaɗa shekarar babbar ambaliya?"

"Malam, gwiwar nan fa? Wata nawa kana nafila a zaune?"

"A ɗakina nake yi. Wa ya gani?"

Mardiyya ta riƙe biro, ranta na tafasa. Ta san gaskiya, ta ji ta da kunnenta. Amma yaya za ta rubuta abin da mahaifinta ya ƙaryata a gabanta? Ta rubuta: ba ya buƙata.

Ranar tafiya, amininsa Malam Kolo ya zo rakiya da wata 'yar kwalba a hannu.

"Ungo. Daga tsakiyar kogin za ka ɗebo mini, da hannunka. In ka cika ta da ruwan famfon otal, zan gane."

"Kai da ko Kano sai an riƙe maka hannu," in ji Malam Badamasi. Ya jefa kwalbar a aljihu, aka yi dariya.

Tun a filin jirgin Alƙahira abin ya soma. Wuri ne mai faɗi, tafiya ba ta ƙarewa. Aka tura Inna Barira a kekenta, ta yi gaba kamar amarya. Malam na baya yana jan ƙafa, gumi na zuba, Mardiyya na biye da shi da jakunkuna uku. In ta rage sauri ya harare ta. In ta ƙara, ta baro shi.

Washegari aka kai su kallon dalolin Fir'auna. Yashi ne da duwatsu da rana. Jagoran tafiyar, wani Bamisire mai fara'a, ya lura da tafiyar Malam, ya ja Mardiyya gefe. Ya ce ko da ba a rubuta ba, in ya yi waya za a kawo keke cikin awa ɗaya.

Ta dawo ta ce, "Inna, don Allah ki roƙe shi. Gobe ne fa ranar jirgin ruwa. Ya adana ƙafarsa."

Inna Barira na zaune ƙarƙashin lema tana cin dabino. "Malam, ka ji. Hau mana, wallahi daɗi gare shi. Wa ya san ka a nan?"

"Ga Turawa can suna ɗaukar hoto. So kike a kai hotona Haɗeja ana tura ni?"

Haka ya zagaye wurin da ƙafarsa, yana cije leɓe. Mardiyya ta yi ta maimaita hasbunallahu a zuci, don kar bakinta ya furta abin da za ta yi nadama.

Kafin la'asar gwiwar ta kumbura ta yi kamar ƙwarya, ga zazzaɓi. Likitan kamfanin ya duba, ya yi masa allura, ya ce kwana ɗaya cur a kwance, ƙafa a kan matashi. Ba fita, ko a keke.

Da safe mota ta zo ta kwashi tsofaffi zuwa bakin Nilu. Inna Barira ta tsaya a kan Malam ta miƙa hannu. Ya zaro kwalbar ya ba ta.

Mardiyya ta zauna jinya. Tagar ɗakin kuwa bangon wani gini take kallo. Ta tuna watannin da ta yi tana zirga-zirgar fasfo da biza, ta tuna ita ma ba za ta shiga jirgin ba. Ta juya baya tana ninke kayan da ta riga ta ninke, hawaye na ɗiga a kai. Haushinsa take ji, tana kuma jin haushin hannunta da ya rubuta ƙarya.

Can bayan azahar ta ji ya yi gyaran murya.

"Kogin... yana da nisa daga nan?"

Ta waiga ta ga ba kowa a ɗakin sai ita. Da ita yake.

"Ba nisa, Baba. Titi biyu ne."

"Titi biyu," ya maimaita, yana kallon silin. "Daga Haɗeja har nan, saura titi biyu."

Inna Barira ta dawo da yamma, fuskarta na sheƙi. Ta ajiye masa kwalbar cike. Ta ce an shimfiɗa katako, aka gangara da kekensu har cikin jirgi, ba wanda ya taka matakala ko ɗaya. Matuƙin ne ya ɗebo mata ruwan a tsakiyar kogi.

Ranar komawa gida, jirgin sama sai da rana zai tashi. Da hantsi Malam ya dubi keken matarsa a lungun ɗaki, ya daɗe yana kallonsa.

"Matso mini da shi," ya ce wa Mardiyya. "Ki tura a hankali."

Ta tura shi titi biyun nan. Ga Nilu shimfiɗe, ya fi duk yadda ya zata. Jirgin yawon ba ya aiki a ranar, don haka daga bakin gaɓa ya kalla. Can nesa wani masunci na jefa raga.

"Dubi wancan," in ji shi. "Jifa ba ƙwari, sai ka ce Kolo."

Minti ashirin suka yi, motar da za ta kai su filin jirgi ta yi musu oda.

Da suka dawo Haɗeja, Mardiyya ta kai ruwan sha zaure, ta tarar Malam Kolo na juya kwalbar a hannu.

"To, sarkin ruwa, yaya Nilu a ƙarƙashin jirgi?"

"Tambayi Barira, ita ta shiga. Ni silin ɗaki na kalla." Malam Badamasi ya dubi amininsa. "Na ji ɗanka zai kai ka Umra. In sun kawo takarda, ka faɗa musu ciwon bayan nan naka. In sun kawo keke, ka hau."

Darasi: Rauni na tsufa ba abin kunya ba ne, Allah ne Ya tsara shi, kuma Shi Ya hore abin da zai sauƙaƙa shi. Iyayenmu, ku faɗi ciwonku, kar girman kai ya hana ku abin da kuka daɗe kuna roƙo. Mu kuma 'ya'ya, ladabi bai ce mu rubuta "lafiya lau" alhali mun san ba haka ba ne. Ku tura wa duk mai shirin tafiya da tsohonsa, ko Allah Ya sa wani ya amfana.