Allah Shi Bar Ku Tare

Yabo ya tabbata ga Allah da ya haɗa haƙƙin iyaye da nasa. Tsira da aminci ga Annabin rahama. Ya Rabbi ka daidaita harshenmu.

An yi wani mutum a Kankiya, ɗan kasuwar hatsi, wanda ya sayi wata tsohuwar mota Landiroba a Kusada. Ta shekara ashirin a jibge, kaji na ƙwai a cikinta. Ya sa aka jawo ta da tarakta. Shekara biyu yana yi mata hidima: inji daga Kano, kujeru sababbi, fenti kore shar. Ta tashi tana ja da ƙafa huɗu, ba ruwanta da taɓo. Yakan goge ta da hannun rigarsa. Shin ya taɓa goge wa mahaifiyarsa ƙafa haka?

A tsakiyar damina mahaifiyar tasa ta kwanta ciwo a ƙauyen Fakuwa, ruwa kuma ya cinye hanya, babu motar da ke shiga sai irin tasa. Yayansa Harisu ya zo da sassafe yana roƙon a kai ta asibiti. Sai mara mutuncin nan ya ce jiya aka gama fenti, kuma mara lafiya na iya amai a kujera. A nemi amalanke.

Da amalanken shanu aka kawo ta, la'asar sakaliya, jiƙe sharkaf. Hanya ta biyo da su ta ƙofar gidansa, ga motar a rumfa an lulluɓe ta da tamfol. Ya fito yana kame-kame. Tsohuwa ta ɗaga kai, ta dubi motar, ta dube shi.

"Ita ce amaryar?" in ji ta. "To, Allah shi bar ku tare."

Ya 'yan uwa, addu'ar da ake yi wa ango ce. Wawan ya shafa, ya ce amin. Harisu kuwa ya sunkuyar da kai, don ya san ba albarka ba ce.

Bayan kwana uku tsohuwa ta cika. Ranar addu'ar bakwai ɗan kasuwar ya tafi Fakuwa cikin motar, tana ƙyalli. A rafi ruwa ya shiga injin, ta mutu tsakiyar yashi. Manoma suka tsaya da fartanyoyinsu suna kallo, babu wanda ya miƙa hannu.

Ya sayar da rumbunsa ya tashe ta, ta sake kwantawa. Ya sayar da shago. Ya sayar da gida. Matarsa Haulatu ta kwashe 'ya'yanta ta koma garinsu Ƙofa. Mutane suka janye, ko gaisuwarsa da ƙyar ake amsawa.

Yau motar na bayan tasha bisa duwatsu, ba taya. A cikinta yake kwana, a cikinta yake cin abin da ya samu. An bar su tare.

Ya 'yan uwa, Allah ya hana a ce wa iyaye ko da "tir". To ina ga wanda ya fifita ƙarfe a kan cikin da ya ɗauke shi wata tara? Bakin uwa ba ya faɗuwa ƙasa. Mai uwa a raye ya tashi yanzu ya nemi gafararta.

Allah ya jiƙan wannan baiwa tasa da iyayenmu da suka rigaye mu, ya haskaka makwancinsu. Mai karatu, Allah ya sa ka gama da naka lafiya. Allah ya kiyaye mu.