Hannuwan Mwanaidi da Lungunan Tundani

Dalilin da ya sa lungunan Tundani suka matse, har jaki biyu ba sa iya wuce juna, shi zan gaya muku yau, in kun daina ture-turen nan kun zauna. Tundani tsohon gari ne a bakin teku, can ƙasar Suwahili. Shekarar da na kai musu ziyara, na shiga wani lungu na miƙa hannuwana, sai ga dama ta taɓa bango, hagu ta taɓa bango, ban ma gama miƙa su ba. Na ce wa mai masaukina, "Ku kuwa ƙasa ce ta yi muku kaɗan?" Ya yi dariya, ya zaunar da ni, ya ba ni labarin nan.

A da can hanyoyin garin faɗi gare su, jakuna shida sai su jera su wuce. Mutanen wurin kuwa da iska biyu suke rayuwa. Akwai kaskazi mai busowa daga arewa, ita ke kawo jiragen fatake da zafin rana. Akwai kusi mai busowa daga kudu, ita ke zuwa da ruwan sama, ta hargitsa teku. Kowacce sai ta yi watanni sannan ta ba 'yar uwarta wuri. Duk mai jirgi yana so ya san ranar da iska za ta juya, don ya san lokacin ɗaure jirginsa da lokacin kwance shi.

A garin akwai wata 'yar guntuwar tsohuwa, sunanta Mwanaidi. Tsufa ya ɗauke mata ido, amma ya bar mata hanci. Kullum da safe sai ta fito ita kaɗai ta tafi bakin ruwa, ta ɗaga fuska ta shaƙi iska, ta ce wa masunta, "Ku fita, yau lafiya," ko kuwa, "Ku zauna ku gyara tarunku." Kwana uku kafin iska ta juya, ta riga ta faɗa. Wannan fitar ita kaɗai ta rage mata a duniya, kuma tana ji da ita.

Tafiyar ba wuya sai a wuri ɗaya. Daga ƙofar gidanta sai ta tsallaka hanya, taki goma sha huɗu ba abin dafawa, kafin ta taɓa bangon siton wani attajiri, Bwana Kombo. In ta taɓa shi kuwa shi ke nan, dogon bango ne, shi ke kai ta har bakin ruwa.

Tana da ɗa guda, Famau, magini ne mai aiki da farin dutsen teku da farar ƙasa. Mutum ne marar yawan magana, kuma duk duniya ba abin da yake so kamar uwarsa.

Wata safiya, farkon kusi, Mwanaidi na tsakiyar hanya sai iska ta taso da ruwa. Ta fizge mata mayafi, ta juya ta sau biyu. Da tsohuwa ta tsaya, ba ta san gabas ba, ba ta san yamma ba. Ta miƙa hannu, ba bango. Ta yi gaba tana lalube, ba bango. Ta yi kira, ruwa ya cinye muryarta. Sai wajen azahar Famau ya same ta can bayan gari, tsaye cikin laka, ruwan teku yana cikowa har ya kai mata gwiwa.

Ya goyo ta zuwa gida yana kuka. Da ya gasa mata ƙafafu, sai ya ce, "Mama, kin gama fita. Ba zan iya sake ganin irin ta yau ba."

Ba ta yi masa musu ba. Ta zauna a ɗaki, ta zama ba ci, ba hira. Masunta suka zo ƙofa suna sallama. "Bibi, ya iskar gobe?" Bibi shi ne yadda suke kiran tsohuwa don girmamawa.

Ta amsa daga ciki, "Ku yi haƙuri, 'ya'yana. A cikin ɗaki duk iska warin hayaƙi take yi."

Famau ya ji, abin ya soke shi. Kashegari ya kama hannunta ya kai ta bakin ruwa da kansa. Ta tsaya, ta ɗaga fuska, ta daɗe, sannan ta girgiza kai. "In ka riƙe ni, ɗana, bugun zuciyarka nake ji a tafinka. Tsoronka ya cika mini hanci. Mu koma."

Ya ɗaura igiya daga ƙofarsu zuwa bangon sito don ta riƙa bi. Kafin hantsi 'yan dakon Bwana Kombo sun yi tuntuɓe da ita, an yanke.

Ranar Famau ya daɗe zaune a ƙofar gida yana kallon wannan fili. Shi dai magini ne, ba shi da wata dabara sai ta dutse. Ya tashi ya fito da uwarsa, ya tsayar da ita jikin bangon sito. "Mama, sa hannun damanki a nan. To, miƙa na hagu iyakar ƙarfinki." Ta miƙa. Inda yatsunta suka tsaya, nan ya ja layi a ƙasa. Ya fara sabon bango daga nan, ya haɗe shi da gidansu, ya buɗe ƙofa a jikinsa. Kwana ashirin yana yi, ruwa na dukansa. Da ya gama, hanyar da jakuna shida ke jerawa ta koma ta jaki ɗaya.

Bwana Kombo ya dawo daga tafiya ya gani, ya yi tsalle ya dire. "Kai Famau! Hanyar gari ce ka haɗiye? Ta ina kayana za su wuce?"

"Jaki da kayansa yana wucewa, Bwana. Na gwada."

"Ɗaya bayan ɗaya, kamar masu zuwa gaisuwar mutuwa? Wallahi sai an rushe!"

Magana ta kai gaban dattawa. Suka ga attajiri na da gaskiya, suka kuma ji tausayin magini. Babbansu ya ce, "Yanzu damina ce, ba jirgi, ba kaya. A bar bango ya tsaya. Ranar da kaskazi ta juyo, jirage za su zo, ranar za a rushe shi." Wa zai faɗi ranar? Kowa ya sani. Mwanaidi ce.

Kashegari da safe tsohuwa ta leƙo. Ta miƙa hannuwa, dama ta sami bango, hagu ta sami bango. Iska na ta hauka a saman rufi, amma a cikin lungun sai dai ta shafa mata kunci. Ta yi murmushin da Famau ya kwana biyu bai gani ba, ta kama hanya. Shi kuwa ya cire takalmi ya bi ta a baya, saɗaf-saɗaf. Ba ta waiwayo ba ta ce, "Famau, koma. Ina jin ƙanshin farar ƙasa a jikinka." Ya tsaya cak, ya bar ta ta tafi. Tsayuwar nan ta fi masa ginin bango wuya.

Haka watanni suka wuce, tsohuwa ta mayar da jikinta, har da tsokanar masunta. Sannan kusi ta fara ja da baya, aka shiga kwanakin nan da iska ke ɗaukewa ɗif, rana ta buɗe wuta. Manyan hanyoyi suka zama kamar kasko. Wuri ɗaya ne a garin rana ba ta sauka sai ɗan tsakar rana, wato lungun Famau, ga wata 'yar iska mai sanyi da ke ratsa shi daga teku. To, ku faɗa mini, wa kuke zaton aka fara gani da tabarma a ciki? Bwana Kombo ne. Wai ya zo duba bangon sitonsa. Kullum sai ya duba shi daga hantsi har la'asar, wani lokaci da minshari.

Wata safiya Mwanaidi ta dawo daga bakin ruwa shiru. Famau ya dube ta ya gane. A nan cikin lungun ya durƙusa gabanta. "Mama, kaskazi ta zo ko?"

"Kwana uku."

"Kada ki faɗa. Ki ƙara ko mako biyu ne. Wa zai sani?"

Ta lalubo kansa ta shafa. "Masu jirgi suna jirana, ɗana. In na ɓoye, za su makara, wani ma ya fita a ranar da ba ta fita ba. Shekara arba'in ban yi wa iska ƙarya ba. Ka ba ni damina guda ina tafiya da ƙafata, Allah ya yi maka albarka. Ta ishe ni." Amma ba ta ishe ta ba, kuma dukansu sun sani.

Ba su lura da tabarmar da ke can ƙarshen lungu ba, da mai ita da ya rufe ido amma kunnensa a buɗe.

Ta koma bakin ruwa ta faɗa da ƙarfi, kowa ya ji. Rana ta uku kaskazi ta iso, dattawa suka zo da masu diga. Famau ya tsaya gefe, kansa a ƙasa. Sai suka tarar da Bwana Kombo zaune, ya jingina bayansa da sabon bango.

Dattawa suka ce, "Bwana, tashi, za a cika maka alkawari."

"Wane alkawari? Ku bar mini bangona."

"Bangonka?"

"Inuwarsa dai tawa ce." Ya share gumi, sannan ya sassauta murya. "Tsohuwar nan da bakinta ta kira ranar da za a mayar da ita ɗaki, don kada jirgin wani ya nutse. Biyu daga cikin jiragen nan nawa ne. Jakuna su bi layi, ba abin da zai same su." Ya juya wajen Mwanaidi, wadda ke tsaye a ƙofar gidanta. "Bibi, ki yafe mini. Kuma in ba damuwa, akwai hanyar bayan gidana, rana na gasa iyalina. Ki zo ki miƙa mana hannu."

Ta yi dariya har da hawaye, ta je ta miƙa. Daga nan kowa ya so inuwa. Duk mai sabon gini sai ya aiko a tafi da Bibi, ta tsaya ta buɗe hannuwa, Famau ya ja layi. Ta rayu ta ga garin, in ce ta taɓa shi, ya zama ba inda za ta shiga ta rasa bango dama da hagu. Har ta koma ga Allah ba ta sake ɓata ba. Bayan rasuwarta Famau ya yanke igiya daidai faɗin hannuwanta, magina suka gaje ta.

Shi ya sa har yau lungunan Tundani suke a matse, da sanyi lokacin kaskazi, da kariya lokacin kusi. Da Mwanaidi doguwa ce, da sun ɗan fi haka faɗi. In Allah ya kai ku, ku shiga ɗaya ku miƙa hannuwanku. Ni da na ji labarin sai da na koma na sake miƙa nawa, na ɗan rufe ido. Nan take na ji kewar tawa uwar.