Igiyar da ke Ƙugun Sila

An yi wani bawan Allah a wani ƙauye can gindin dutse, tun zamanin da ake kiran mutane sujada da buga guntun ƙarfe a jikin bishiya. Sunansa Sila, sana'arsa haƙar rijiya. Ba shi da baki a taro, amma kowa ya shaide shi da abu guda: ko wuƙa aka sa masa a wuya, ba ya faɗin abin da ba haka ba.

Matarsa Kezia mace ce mai hannun kyauta, mai kuma harshe kamar aska. Sun tsufa tare, tana faɗa yana murmushi.

To, ku saurara. Kezia ta kwanta ciwon da ba na tashi ba ne, tsoro ya kama ta. Ba mutuwar take tsoro ba, abin da ke bayanta ne. Ta daina cin abinci, ta daina waƙa, kullum tambayarta ɗaya: "Anya Ubangiji zai karɓe ni?"

Matan zumunta na ikilisiya suka cika ɗakin. Wannan ta ce, "Haba Mama, ke da kika ciyar da marayu?" Waccan ta ce, "Ke da ba ki taɓa fashin sujada ba?" Duk wadda ta yabe ta, sai ta ƙara juya fuska bango, don ita ta san zuciyarta. Da suka fito, shugabarsu ta ja Sila gefe. "Baba, ka shiga ka ce mata ba ta da laifin komai. Maganarka kaɗai take yarda da ita."

'Yan'uwa, ga matar da yake ƙauna, ga kalma ɗaya da za ta sa ta ci abinci yau. Ku da kun yi yaya?

Ya shiga da hantsi, ya zauna bakin gado. Ta ce, "Maigida, kai ba ka ƙarya. Ni mutuniyar kirki ce?"

Ya dube ta. Sannan ya ce, "Kina da faɗa, Maman Yunana. Kajin gidan nan ma sun sani."

Dariya ta kuɓuce mata, hawaye ya biyo baya. "To ka gani? Bangaskiyar ma yanzu ba na jin ina riƙe da ita."

Ya kama hannunta. "Kin tuna ranar da iska ta ƙare mini a ƙasan rijiyar maƙera? Na suma, hannuna ya saki igiya. Wa ya hau da ni?"

"Yayana ne ya jawo ka."

"Da me, tunda na saki?"

"Ai a ƙugunka aka ɗaura ta."

"To. Tun a bakin rijiya aka ɗaura, tun ban shiga duhu ba. Ke ma tun ranar da kika ba Yesu ranki ya ɗaure ki da alkawarinsa, kuma ya san faɗanki kafin ya ɗaura. Hannunki ya gaji, ki bar shi ya huta. Wanda ke sama bai gaji ba."

Ta daɗe tana kallonsa, irin kallon da ta yi masa suna matasa. Can ta ce, "Akwai sauran kunu? Kada dai ka ce kai ka dama, ba ka iya ba."

Ta sha. Bayan 'yan kwanaki ta tafi gida wurin Ubangiji cikin salama.

Jama'ar Allah, ga abin da nake so ku riƙe. Mai bi yana iya tabbata da cetonsa, amma ba don ya auna kansa ya ga ya cika mudu ba. Tabbacin yana wurin wanda ya mutu dominmu, ya tashi, ya kuma yi alkawarin ba zai saki nasa ba. In ka je gaida mai jin tsoro, kada ka lissafa masa ayyukansa, ka nuna masa Mai Ceto. Kai kuma da kake zaune nan, addu'a ta yi maka nauyi, hannunka ya gaji: in ka ba shi ranka da gaske, ba ƙarfinka ne zai fitar da kai ba. Nasa ne.